Ɗaga-Kai da Fasfon Namun Daji

Duk layin nan babu wanda bai taɓa zama a kan kujerar Ɗaga-Kai ba. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan matsattsen shago, mai aski a damansa, tela a hagunsa, kuma duk tsawon shekarun nan waƙarsa ɗaya ce: "Ɗaga kai! Rufe baki! Kunnuwa biyu nake nema!" Da haka sunan ya bi shi har na gaskiyar ya ɓace. Matarsa ce kaɗai ke ce masa Baban Auta, ita ma in ranta ya ɓaci Ɗaga-Kai take cewa.

A faɗi gaskiya mutumin ya iya fasfo, wannan ba mai ƙwace masa. Inda gizo ke saƙar shi ne, a wurinsa duk hoton da ba fasfo ba kuskure ne. Hoton biki kuskure ne, mutane sun yi yawa. Hoton 'yan ƙwallo a jarida kuskure ne, "mutum yana gudu, ta yaya za a gane shi?" Ko gidan wani ya je gaisuwa, in ya ga kalanda a bango sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce da an kawo masa da ya gyara. Ga cika baki, Allah ya hore masa. In yana ba da labari ka rantse shi ya ƙera kyamara ta farko, wasu suka sace masa fasaha.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a asibiti. Ta gaji son hoto wurin uban, amma ba ta gaji farin ƙyallen da yake sawa a bayan fasfo ba. Da gidan namun daji na garin ya sa gasar hoton uwa da ɗanta, sai ta sa abin a ranta, don hoton da ya ci za a buga shi ƙato a kafe a bakin ƙofa shekara guda cur, da sunan mai ɗauka a ƙasa. Asabar bakwai ta yi tana zuwa. Ta tsuguna a rana, ƙudaje su ci rabonsu, ta jira, ta jira, har ta samu hotuna uku waɗanda ita kanta in ta kalla sai ta yi murmushi. Ranar Asabar ƙarfe huɗu za a rufe karɓa. Ranar Juma'a da safe, a kan hanyarta ta zuwa aiki, ta biya shagon ta miƙa wa uban katin memorin kyamararta mai ɗauke da hotunan.

"Baba, manya za ka buga min su, in gani in zaɓi ɗaya. Don Allah kada ka taɓa komai."

"Kada in taɓa? Ke, tun kina rarrafe nake wanke hoto. Mai aski! Tela! Ku zo ku ga aikin yaran zamani."

Suka shigo, ɗaya da almakashi a hannu, ɗaya da tef a wuya. Ɗaga-Kai ya gyara zaman tabarau ya buɗe na farko a kwamfuta. Wata gwaggon biri ce zaune a kan dutse, ɗanta ya maƙale mata a ciki, ya leƙo da ido ɗaya ta ƙarƙashin hannunta.

"Ikon Allah," in ji tela. "Dubi idon ɗan nan, kamar zai yi magana."

"Ido ɗaya!" Ɗaga-Kai ya buga tebur. "Ina ɗayan? An aike shi ne? Ita kuma uwar ta karkace kai, kunne guda babu shi babu dalilinsa. Wane ofishi ne zai karɓi wannan?"

Na biyu, raƙumar dawa ce ta sunkuyo tana lasar goshin ɗanta.

"Harshe a waje! Shekara talatin ina cewa a rufe baki, ashe a cikin gidana ma ba a ji ba."

Na uku, jimina ce da 'ya'yanta shida sun fake a inuwarta, rana ta yi ja a bayansu. Mai aski har ya buɗe baki zai yaba, Ɗaga-Kai ya ɗaga masa hannu.

"Mutum bakwai a hoto ɗaya! Baya kuma ciyawa, itatuwa, ja, ruwan ɗorawa, sai ka ce shagon tela ranar shara. Ina fari?"

"Baba," in ji Auta tana dariya, "dabbobi ne fa, ba biza za su nema ba."

"Ke kika san gobe? Je ki aikinki kada ki makara."

Tana fita ya naɗe hannun riga. Tela ya tuna masa an ce kada ya taɓa, ya ce ai gyara ba taɓawa ba ne. Ya fara da gwaggon biri. Ya goge dutsen, ya goge itatuwan, ya mayar da baya fari fat. Ya miƙar mata da kai. Kunnen da ya ɓuya, ya kwafi ɗayan ya manna mata. Ɗan kuwa, tunda ido ɗaya gare shi kuma ya tare wa uwarsa ƙirji, ya yanke shi ya jefar. Raƙumar dawa aka datse mata harshe, jimina aka sallami 'ya'yanta duka shida. Sannan ya buga kowacce takwas-takwas, 'yan ƙanana, ya yayyanka ya zuba a ambulan.

Daga nan ne aka yi ta'asar. Shekara da shekaru, da zarar ya sa hoto a ambulan, yatsansa ke zuwa da kansa ya goge komai don a ba na gaba wuri. Yau ma yatsan bai yi shawara da kowa ba. Ya goge na kwamfuta, ya goge na memori. Kafin ya ankara direbobi goma sha biyu masu sabunta lasisi sun yi layi a ƙofa, ya zura memorin da ke hannunsa a kyamara ya yi ta ɗora su a kai, yana daka musu tsawa su gyara zama.

Da yamma Auta ta dawo, ya miƙa mata ambulan yana wani shan ƙamshi. Ta zazzage a tebur. Gwaggon biri takwas suka zubo, kowacce ta ƙura ido gaba, kunnuwa biyu iri ɗaya sak.

"Baba, ina ɗan?"

"Na cire shi. Yana ɓata hoton."

"Gasar uwa da ɗa ce fa!"

"To sai a ɗaukar masa nasa daban, a manna a gefe."

Ta karɓi memorin ta sa a kyamararta. Direba na ɗaya. Direba na biyu, mai gashin baki. Ta yi ta dannawa har na goma sha biyu, ta koma baya, ta sake dannawa. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi sauƙi. Sai ta zauna a kan kujerar fasfo ta ɗora kyamarar a cinya ta ce, "Asabar bakwai, Baba."

Kunya ta kama Ɗaga-Kai, tausayin yarinyar ya kama shi, wallahi saura ƙiris ya ce ta yafe masa. Amma mai aski da tela suna tsaye a bakin ƙofa, shi kuma kullum bakinsa ya fi hankalinsa sauri.

"Asabar bakwai don ba ki san kan aikin ba ne! Ni gobe, kafin ƙarfe huɗu, zan ɗauko miki uwa da ɗa irin wanda ba a taɓa gani ba. A miƙe, a kan fari, kowa da kunnuwansa. Ke dai ki zo ki sa sunanki ki ci gasa."

"Mun ji," in ji mai aski. "Gobe ba aski."

"Ba ɗinki," in ji tela.

Washegari da sassafe matarsa ta kama shi yana yaye mata farin zanen gado, don ƙyallen shagon ya yi wa namun daji kaɗan.

"Ina za ka kai min zane?"

"Aiki ne ya taso."

"Baban Auta, kai da kyanwar maƙwabta in ta shigo sai ka hau kujera?"

"Wannan ba tsoro ba ne, ba ta hanya nake yi."

"To Allah ya tsare. In zanen nan ya dawo da tabo, ka nemi inda za ka kwana."

Haka suka isa gidan namun dajin su uku a jere. Ɗaga-Kai a gaba, kyamara a wuya, hula a karkace. Tela a baya da zane da kwalin fil. Mai aski a ƙarshe, kujerar fasfo a ka, fitilar hoto a hammata, mataji a aljihu, don a ƙa'idar shagon ba a ɗaukar kowa sai an taje shi. Mai kula da dabbobin, wani dogon mutum mara son magana, ya tare su a hanya.

"Baba, ina za a kai kujera?"

"In uwar ba ta zauna ba, ta yaya kafaɗunta za su daidaita?"

Mai kula ya dube shi, ya dubi kujerar, ya ajiye tsintsiyarsa ya biyo su. Ya ce wannan ba abin da za a ba shi labari ba ne.

Aka fara da raƙumar dawa. Tana tsaye jikin shinge, ɗanta na zagaye ƙafafunta. Tela da mai aski suka miƙa zane suka yi ɗage iya ɗagewarsu, farin ya tsaya daidai gwiwarta. Ɗaga-Kai ya ce laifinsu ne, gajeru ne. Aka aro tsanin da ake ɗora mata ganye da shi, ya hau har matakin ƙarshe, ya saita kyamara.

"Ke! Ɗaga kai!"

"In ta ƙara ɗagawa ai sai dai a ɗauke ta daga jirgi," in ji mai aski.

Ita kuwa baiwar Allah maimakon ta ɗaga sai ta sauko da kan a hankali, har numfashinta ya rufe masa tabarau. Ta shinshina shi. Ta zaro wani baƙin harshe mai tsawon kamu guda ta ɗauke hular, ta tauna sau biyu, ta ga ba daɗi ta tofar. Sannan, ganin ƙoƙon kansa na sheƙi, ta lashe shi tun daga goshi har ƙeya, irin yadda take yi wa ɗanta.

"Wayyo! Ku riƙe tsani! Za ta cinye ni!"

"Ba ta cin nama," in ji mai kula. "Ta ɗauke ka ɗa ne."

"To ga uwa da ɗa an samu," in ji tela. "Wa zai ɗauka?"

Ya sauko kansa na naso. Mutum kamar goma sun taru suna dariya. Ya ce musu wannan gwaji ne, ana auna haske, duk ƙwararre ya san haka.

Wurin jimina ya ce a kunna fitila, don ƙasan fikafikanta akwai inuwa. Abin da bai sani ba, jimina ba ta ganin abu mai ƙyalli ta ƙyale. Ana kunnawa ta taho da sauri, 'ya'yanta na binta a baya. Ɗaga-Kai ya ce, "Kun gani? Ta san gwani ya zo." Ta zuro wuya ta saman waya ta cafke maɓallin rigarsa na sama. Ta cafke na biyu. Ya ja da baya yana kare ƙirji da murfin kyamara, ta karɓi murfin ta haɗiye. Jama'a suka yi tsit suna kallon ƙullutun yana gangarawa cikin wuyanta a hankali har ya ɓace.

"Murfina! Malam, ka ce ta fito min da murfina!"

"Sai jibi," in ji mai kula. "In har kana so."

Yanzu kam taron ya haura hamsin. Mutane sun bar zaki yana ta hamma shi kaɗai sun biyo Ɗaga-Kai. Mai sayar da ruwan sanyi ma ya turo kurarsa ya bi sahu, ya ce inda kasuwa ta koma nan ake binta.

Da suka zo kejin birai sai ga ta, gwaggon birin jiya, a kan dutsenta, ɗan yana maƙale a cikinta. Ɗaga-Kai ya nuna ta da yatsa.

"Ke ce kika jawo duk wannan. Yau sai kin fito da kunnen nan."

Ya sa tela ya zagaya ta baya ya maƙale zanen a jikin waya da fil. Uwar ta bari sai da aka gama tsaf, sannan ta sauko ta kama gefen zanen ta fara ja ta cikin ramin waya. Tela ya riƙe. Mai aski ya kama ƙugun tela. Ɗaga-Kai ya tuna maganar matarsa, ya kama ƙugun mai aski yana ihu, "Ku ja! Aurena ne a hannunku!" Ƙarti uku suna nishi, ita da hannu ɗaya, ɗayan tana sosa ciki. Can sai ji aka yi ƙiiii! Zane ya rabu biyu, su uku suka zube a kan juna. Ana cikin wannan ɗan ya zuro hannu ya zare mataji daga aljihun mai aski. Uwar ta shimfiɗa rabin zanenta a kan dutse ta zauna, ta karɓi matajin tana jujjuya shi tana ɗanɗanawa, ta juya wa kyamara ƙeya.

A nan Auta ta same su, ta taso daga aikin safe, kyamararta a kafaɗa don sabo kawai. Ta ga uban ba hula, riga a buɗe, yana kakkaɓe gwiwa. Ƙarfe uku har ta gota.

"Baba, don Allah mu tafi gida. Na haƙura. Wata shekarar na shiga."

Da su biyu ne da ya bi ta. Amma ido ɗari na kansa, har wani ya ɗora ɗansa a wuya don ya gani da kyau.

"Gida? Yanzu ma aka fara. Waɗannan duk marasa tarbiyya ne. A kai ni wurin dabba mai hankali."

Bai yi taku ashirin ba ya hango ta. Bayan wata gajeriyar katanga, a gindin bishiya, wata uwar gadu ce kwance, aladen dajin nan mai haure biyu a baki. Ta lumshe ido, 'ya'yanta huɗu sun jeru suna shan nono. Ɗaga-Kai ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Kun ga masu ladabi? Sun ma jeru da kansu. Matsala biyu ce kawai: uwar ta rufe ido, yaran kuma sun juyo mana baya."

Mai kula yana can yana lallashin biri ta ba da mataji, ba wanda zai hana. Auta ta kama hannun uban, ya zame. Ya ɗora kujerar fasfo jikin katanga ya taka ya haura, rabin zane a kafaɗa. Ya yi sanɗa ya rataye zanen a wani reshe. Sannan ya sunkuya, yadda yake yi wa jarirai a shago in an kawo su, ya kama ɗan farko ta ciki ya ɗaga zai juyo da fuskarsa.

Ɗan ya tsala wata ƙara da ta tsinka kunnen kowa.

Uwar ta buɗe ido. Matsala ɗaya ta kau ke nan.

Ɗaga-Kai ya ajiye ɗan a hankali ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya." Ba ta haƙura ba. Ta miƙe, ta yi gurnani, jela ta tashi tsaye. Ai sai ƙafa me na ci ban ba ki ba! Mutumin da ko matakalar banki sai ya huta sau biyu, yau shi ne ke zagaye bishiya a guje, uwa a bayansa, 'ya'ya huɗu a bayanta, kowa jela a sama. Zagaye na ɗaya takalmi guda ya fice. Zagaye na biyu ya yi ta kiran sunan Allah da na matarsa a haɗe. A na uku ya daka tsalle ya cafki reshe, amma haure ya riga ya samu wando, ya tsarge shi tun daga ƙugu har gwiwa.

"Ku kira 'yan sanda! Ku kira 'yan kwana-kwana!"

"Naɗe ƙafa!" in ji mai aski daga bayan katanga. "Naɗe, tana auna tsalle!"

"Wandon nan ba ya ɗinkuwa," in ji tela. "Na faɗa tun yanzu, kada a kawo min."

Ihun ya kai har rumfar da alƙalan gasa uku ke zaune suna karɓar hotuna, suka bar teburinsu suka taho. Suka tarar da Ɗaga-Kai ya rungume reshe hannu da ƙafa, tsumman wando na lilo. A ƙasa uwar gadu ta tsaya cak, ta buɗe ƙafafu, 'ya'yan huɗu sun shige ƙarƙashinta suna leƙowa. Takalmi guda a gabanta, ƙurar da suka tayar tana ta haske a rana, ita kuma ta ɗaga ido tana hararar sama. Auta, da ta ga uban ya tsira, hannunta ya kai kan kyamara ba tare da ta yi niyya ba. Ta danna sau ɗaya.

Sai da mai kula ya zo da bokitin abinci ya ja uwar can gefe, sannan aka sauko da Ɗaga-Kai. Ya ɗaura rabin zanen matarsa a ƙugu. Mai kula, wanda tun safe bai yi dogon zance ba, yanzu ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya ce ko yaron goye ya san ba a taɓa ɗa a gaban uwarsa, kuma in ya sake ganin ƙafarsa bayan katanga sai ya haɗa shi da hukuma. Duk da haka bakin bai mutu ba. Ɗaga-Kai ya ce ai dabara ce, kusantar dabba ake yi, kuma abin da ke cikin kyamararsa ya isa ya rufe bakin kowa.

"To mu gani mana," in ji babban alƙalin, wani dattijo mai farin gashi.

Aka karɓi kyamarar, mutane suka yi caa a kai. Hoto na ɗaya, ƙofar hancin raƙumar dawa, ta cika fuskar kyamara. Na biyu, cikin bakin jimina. Na uku, hammatar tela. Na huɗu sama ce kawai da ganye biyu. Shi ke nan. Dattijon ya yi ƙoƙari ya riƙe dariyarsa, ta ƙwace masa ta hanci. Daga nan wurin ya ɓarke, wata mata har da zama a ƙasa tana riƙe ciki. Ɗaga-Kai ya karɓi kyamararsa ya rataya a wuya.

Ya ja ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya je ya zauna a wani benci bayan rumfa. Ƙarfe huɗu saura kwata. Ba dariyar mutane ce ta fi ci masa rai ba. Abin da ya fi damunsa shi ne ya ɓata wa yarinyar nan aikinta, ya zo gyarawa kuma ya tashi hannu rabbana. Auta ta zo ta zauna kusa da shi. Ta daɗe tana juya kyamararta kafin ta miƙa masa.

"Baba, duba wannan. Ana karɓa a memori ma."

Ya goge tabarau da gefen zane ya duba. Ga uwar nan tsaye kamar an dasa ta, ga idanu takwas ƙanana a ƙarƙashin cikinta, ga haske. Can sama kuma ga ƙafafu biyu sun naɗe reshe, ga wando a tsage, ga rabin fuskar da duk garin ya sani, baki a wangame.

"Zan yanke saman," in ji ta da sauri. "Ba wanda zai gan ka. Minti biyu ne."

Ya ɗora babban yatsa ya rufe kansa a hoton, ya duba. Ya ɗauke yatsan, ya duba. Ya sake rufewa.

"In kin yanke ni, wa take harara?"

"Baba..."

"Duba mana. In babu ni, uwa ce kawai tsaye da yara kamar tana jiran mota. Da ni a ciki ne aka san abin da take tsare su daga gare shi. Hoton ke nan. Kada ki taɓa komai."

"Shekara guda fa zai yi a bakin ƙofa in ya ci. Ga wandon."

"Na ga wandon, ai ni ke cikinsa. Tashi ki kai musu, saura minti goma."

Ta tashi a guje, ta dawo ta rungume shi, ta sake kwasa a guje.

Hoton ya ci, ba ma a yi gardama ba. Aka buga shi ƙato, tsagar wandon kaɗai ta kai tsawon ƙyauren ɗaki. Sati guda Ɗaga-Kai yana lafe a shago, mai aski na leƙowa yana gurnani, tela na aiko masa da tallan wando mai ƙwari. Matarsa kuwa ta shimfiɗa masa rabin zanen a falo ta ce ɗaya rabin ya je ya karɓo wurin gwaggon biri.

Asabar ta zagayo, ya sa sabuwar hula ya ce zai je siyo batir. Sai ga shi a ƙofar gidan namun daji, a bayan taro, ya ja hular har gira. Wata mata da 'ya'yanta uku ta tsaya gaban hoton tana dariya har da hawaye.

"Kai jama'a! Wane sakaran ne wannan a kan bishiya?"

Ɗaga-Kai ya yi kamar zai sulale. Sai kuma ya tura hular baya, ya ratsa mutane ya zo ya tsaya daidai ƙarƙashin ƙafafunsa.

"Ni ne, Hajiya. Dube ni da kyau, ni ne. Amma bar kallon sama, karanta sunan da ke ƙasa. 'Yata ce."